Wai yanzu attaruhu ma sai an ja masa lantarki?

Ranar nan muna bidiyo kol da Hajiya sai na juya mata wayar ta ga kantar da na kafa a ɗakin da muke ajiye tarkace, hawa uku ce, kowane hawa da doguwar fitila a samansa, a ƙasa kuma 'yan robobi ne jere reras da tsiro kore shar a ciki. Ta yi shiru tana kallo, can ta ce "Kai kuwa mene ne wannan, asibiti ka buɗe?" Na ce a'a Hajiya, attaruhu ne da gauta nake reno. Ai kuwa ta dinga dariya har wayar ta kusa suɓuce mata, ta ƙwala wa ƙanwata kira ta zo ta ga ikon Allah, wai a garin Turawa barkono ma sai an ja masa lantarki alhali su can mutane ma ba su samu ba. Ban da ta cewa. Ni kaina da wani ya gaya min shekara goma baya cewa zan zauna ina saita wa tsiron attaruhu lokacin kwanciya da lokacin tashi, da na ce ya je a duba shi.

A Leeds nake zaune, arewacin Ingila, kuma shekara biyar kenan da kansul, wato ƙaramar hukumar garin, ta ba ni ɗan filin lambu na haya, irin wanda suke kira alotmen, bayan na daɗe a layi har na manta na saka suna. Abin da ya kai ni ba wani son latas ko kabeji ba ne, waɗannan suna nan tuli a shago. Kayan miyarmu nake so, attaruhu mai ƙamshin nan, gauta, kuɓewa, yakuwa, rama, lalo. Ana samun wasu a shagunan 'yan Afirka da ke Harehills ko a kasuwar Kirkgate, amma tsada, kuma yawanci sun sha hanya sun yi yaushi. Ni kuwa na tashi ina bin kawuna lambu lokacin rani, na san yadda ake reno a gida: a gyara gado, a watsa iri, a barbaɗa ƙasa sama-sama, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa, a dinga ban ruwa safe da yamma, in ya tsiro a yaye ciyawar, bayan sati huɗu ko biyar a cira a yi dashe. Shikenan. Babu wanda ya taɓa zama yana tunanin haske ko ɗumi, rana tana nan kyauta har ta yi yawa, abin da ake gudu ma kada ta ƙone tsiron.

To nan ba haka abin yake ba, kuma lissafi ne kawai. Kano tana wajen digiri 12 a arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa tsawon yini a can kusan ɗaya ne duk shekara, bai cika sauka ƙasa da awa 11 da rabi ba kuma ba ya kai awa 13. Leeds kuwa ta kusa digiri 54. A ƙarshen Disamba yinin bai fi awa bakwai da rabi ba, kana fita aiki da duhu kana dawowa da duhu, Azahar da La'asar da Magariba kamar suna rige-rige, a watan Yuni kuma yini ya miƙe har wajen awa 17. Sannan ga raɓa mai daskarewa, wadda za ka tashi da safe ka ga ciyawa ta yi fari fat kamar an barbaɗa gishiri, ita ce babbar abokiyar gabar duk wata shukar ƙasar zafi, dare ɗaya ta isa ta mayar maka da tumatir baƙin tsumma. A nan ba ka da kwanciyar hankalin fitar da shuka waje sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, kuma zuwa Oktoba sanyin ya dawo. Wata huɗu da ɗan abu kenan. Attaruhu kuma sarkin nawa ne, kafin ya tsiro ma sai ya ɗauki sati biyu zuwa huɗu, bayan dashe kuma yana son wata uku zuwa huɗu kafin ya nuna. Ka ga in ka jira har gari ya yi ɗumi sannan ka zuba iri, sanyi zai riske shi yana fure. Dole ka fara tun Fabrairu, lokacin da a waje ko kare ba ya son fita.

Shekarar farko bakin taga na yi amfani da shi, kamar kowa. Na cire iri daga attaruhun da na saya ya nuna jawur, na shanya, na zuba a robar yogot, na jera a windon kicin. Sun tsiro kam, amma irin tsirar da ba ta da daɗin gani, kara siriri kamar zare, fari-fari, dogo zalalo, duk sun karkata sun manne wa gilashi kamar fursunoni. Kullum sai na juya robobin, washegari sun sake karkata. Abin da ke faruwa shi ne tsiro in bai samu isasshen haske ba sai ya zuba duk ƙarfinsa a tsawo yana neman rana, kara ba ya kauri, ganye ba ya faɗi, ƙarshe ya kwanta. Ga hita a ƙarƙashin tagar tana hura masa zafi yana ƙara miƙewa, da dare kuma in an ja labule sai ya zama yana tsakanin labule da gilashi, wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan. Tumatir ya ɗan tsira domin shi in ka binne karansa har wuya sai ya fitar da sabon saiwa a jikin karan, amma attaruhu ba ya wannan karar sosai.

Shi ne a shekara ta biyu na ce na gano bakin zaren, ɗakin gilashi zan samu, girinhaus. Duk wani dattijon da ke alotmen ɗinmu yana da nasa, kuma ina ganin tumatir ɗinsu a Agusta kamar a ɗauki hoto. Na samu na hannu, ƙafa 6 da ƙafa 8, wanda shi ne girman da ya fi yawa a nan, muka kwance shi ni da wani abokina ɗan Zariya muka ɗaura a filina, gilashi uku muka fasa a hanya amma dai ya tsaya. A raina ina ganin kamar na sayo ɗan yankin Kura ne na dasa a Ingila. Ranar da muka gama ma rana ta ɗan leƙo, na shiga ciki na ji ɗumi ya buge ni har na cire jaket, na ce alhamdulillahi, magana ta ƙare. Farkon Maris na kwashi tiren attaruhu da gauta da tumatir, wasu sun tsiro a gida wasu ko tsirowa ba su yi ba, na kai su can na jera.

Sati uku babu abin da ya motsa. Waɗanda ba su tsiro ba irin ya ruɓe a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai sanyi, waɗanda suka tsiro kuma suka tsaya cak, ba sa gaba ba sa baya, ganyen ya koma wani shuɗi-shuɗi ta ƙasa, sannan wata safiya na je na tarar da rabinsu a kwance kamar an zuba musu tafasasshen ruwa. Dattijon da filinsa ke kusa da nawa, wani Bature da ya haura saba'in, shi ne ya leƙo ya ga ina tsaye na riƙe ƙugu, bai ce komai ba ya koma rumfarsa ya ɗauko min wani ma'aunin zafi mai riƙe lissafi biyu, mafi zafin da aka yi da mafi sanyin da aka yi, ya ce in rataye in dawo gobe in karanta. Gani ya kori ji. Da na dawo, na sama ya nuna 27, na ƙasa ya nuna 1. Digiri ɗaya! Wato duk ɗumin nan da nake ji da rana aro ne, rana ce ke shiga ta gilashi ta ɗumama ƙasa da iskar ciki, gilashin ya hana iskar tserewa, amma da zarar ta faɗi zafin yana fita ta wannan siririn gilashin kamar ruwa a kwando, kafin asuba cikin ɗakin bai fi waje da digiri ɗaya ko biyu ba. Ni kuma da rana kawai nake zuwa, shi ya sa ban taɓa haɗuwa da ainihin ɗakin da tsirona ke kwana a ciki ba. Attaruhu kuwa in dare ya sauka ƙasa da wajen digiri 12 ya fara fushi kenan, tumatir ma ba ya son ƙasa da 10.

Na tambayi dattijon to su ya suke yi. Ya ce shi a Maris abin da ke cikin nasa albasa ne da latas da kabeji da wake irin nasu, masu jure sanyi, tumatir ɗinsa yana gida sai ƙarshen Afrilu. Masu son su fara da wuri suna lulluɓe cikin ɗakin da ledar nan mai ƙurajen iska da ake naɗe kayan fashewa da ita, su kunna hita. To a alotmen ɗinmu babu lantarki, sai dai 'yar hitar kananzir, na gwada ta sati biyu na haƙura. Kullum da magariba sai na je na kunna, da safe kafin aiki na je na kashe, ga kananzir a nan ba arha ba, ga shi in yana ci yana fitar da tururin ruwa, da safe sai ka ga gilashi yana ɗiga, kuma danshi da sanyi in sun haɗu ai fumfuna ta samu gida. Ranar da lagwanin ya yi hayaƙi kuwa na tarar da komai baƙi ƙirin. Ɗaya matsalar ita ce ta rana, domin ƙaramin girinhaus a Afrilu in sama ta washe kuma ƙofa na rufe, kafin azahar zai iya haura digiri 40, kai kana wurin aiki tsironka na dahuwa. Akwai wani ɗan ƙarfe da ake ɗaura wa tagar sama, yana da kakin da ke kumbura in ya ji zafi ya tura tagar ta buɗe da kanta, in gari ya huce ta rufe, ba ya buƙatar wuta ko batir. Duk abin da na saya saboda lambun nan babu wanda ya kai shi amfani a kuɗinsa.

A shekara ta uku ne na koma ga fitila. Na farko da na saya a intanet irin mai hasken nan ne ja da shuɗi a haɗe, wanda ke mayar da ɗaki kalar zoɓo. Dalilin kalar shi ne ganye ya fi shan jan haske da shuɗi, koren kuwa yana mayar da wani kaso daga cikinsa, shi ya sa ma muke ganinsa kore, sai masu ƙera fitilar suka ce bari su ba shi abin da ya fi so kawai. Amma fa a Ingila in aka ga taga tana fitar da wannan kalar tsakar dare tunanin mutane wuri ɗaya yake zuwa, wato wiwi ake nomawa. Uwargida ce ta fara cewa "Abban yara, ka rufa mana asiri, kada wata rana mu ji 'yan sanda na ƙwanƙwasa ƙofa saboda gauta." Ban da haka ma a ƙarƙashin wannan hasken ba ka iya gane ko ganye ya yi rawaya ko ƙwari sun hau shi, komai kala ɗaya. Na canza zuwa farar LED dogaye, irin masu hasken rana tsaka, kuma wallahi ban ga abin da ta rage ba wajen girman tsiro. Abin mamaki ita wannan farar LED ɗin da muke saya kamar ba komai ba, asalinta shuɗiyar LED ce da aka shafa wa wani sinadari, kuma mutum uku 'yan asalin Japan da suka ƙirƙiro shuɗiyar, Akasaki da Amano da Nakamura, sai da aka ba su kyautar Nobel a 2014. Yanzu ga ta tana renon attaruhu a ɗakin tarkace.

Kuskuren da kusan kowa ke yi da fitila, har da ni, shi ne rataye ta can sama kamar ƙwan ɗaki. Idon mutum mayaudari ne, kana ganin ɗaki ya yi haske tarwai amma a wurin tsiro magariba ce. Haske yana raguwa da sauri sosai in ka matsa daga fitila, don haka irin ƙananan dogayen nan nawa ina sauke su har kusan tafin hannu ɗaya daga saman ganye, na ɗaure su da sarƙa, tsiro na girma ina ɗaga su ƙugiya ɗaya-ɗaya. In fitilarka mai ƙarfi ce sosai to sai ka ɗan ja ta sama, ganyen zai gaya maka, in ya fara nannaɗewa ko ya koɗe ta yi kusa, in kara ya fara miƙewa ta yi nisa. Awa 16 nake ba su, taima ce ke kunnawa ƙarfe shida na safe ta kashe goma na dare. Na taɓa barinta awa 24 ina ganin gata nake musu, ban ga wata riba ba sai bil, su ma suna son nasu daren.

Wani abu kuma da na jima ban raba shi ba a kaina: tsirowa daban, girma daban. Irin attaruhu da ke cikin ƙasa ba ruwansa da fitilarka, ɗumi yake nema, tsakanin digiri 25 zuwa 30 a cikin ƙasar kanta ba a iskar ɗaki ba. Gidajen nan kuwa da kyar ake barin hita ta wuce 20, da dare ma a kashe, jiƙaƙƙiyar ƙasa a roba kuma ta fi iskar ɗakin sanyi. Shi ne na sayi 'yar tabarmar ɗumi ta lantarki da ake shimfiɗawa ƙarƙashin tire, na rufe tiren da murfin roba. Attaruhun da a da yake kai wata bai fito ba sai ga shi a kwana goma zuwa sha biyu, tumatir kwana biyar. Amma da zarar ka ga sun ɓullo da ɗan wuyan nan a lanƙwashe, a ranar za ka cire murfin ka kai su ƙarƙashin fitila, kwana biyu in suka yi a ɗumi ba haske sun zama zare, kuma ba sa gyaruwa.

Maganar kuɗi kuwa na zauna na buga lissafi, musamman bayan 2022 da farashin wuta ya haukace a nan. Fitilu huɗu gare ni kowace wat 20, wato 80 gaba ɗaya, in ka buga da awa 16 ya ba ka yunit ɗaya da ɗan ɗori a yini, 1.28. Tabarmar ita ma wat 20 ce, ko ta kwana ta yini a kunne ba ta cika rabin yunit ba, kuma sati biyu zuwa uku kawai take aiki. Ka ce dai ƙasa da yunit biyu a rana. Hitar lantarkin da ake sa wa girinhaus kuwa yawanci kilowat 2 ce, in ta yi aikin awa huɗu kacal cikin daren sanyi ta ci yunit 8, kuma rabin zafin sararin samaniya kake ɗumamawa. A cikin gida ɗumin an riga an biya shi saboda yara, tsiro raɓawa kawai yake yi. Wannan shi ne ya yanke min hukunci a kan Fabrairu da Maris.

Kada dai a ce ina yi wa fitila talla, tana da nata ciwon kan. Na farko wuri. Tire ɗaya na iri abin wasa ne, amma bayan sati shida kowane tsiro yana son tukunyarsa, tire ɗaya ya zama tukwane talatin, kanta ta cika, ka fara bin teburin cin abinci da saman firji, nan ne za ka san ko ana ƙaunarka a gidan. Shekarar da zumuɗi ya kwashe ni na zuba tumatir tun Janairu, zuwa Afrilu sun kai gwiwa, sun fi ƙarfin fitilar, suna fure a ɗaki, saiwa ta cika tukunya ta nannaɗe, waɗanda na zuba daga baya a tsakiyar Maris ma sai suka wuce su a lambu. Sauri ya haifi nawa. Yanzu daga ranar dashe nake ƙirgowa baya: tumatir sati shida zuwa takwas, gauta da tattasai takwas zuwa goma, attaruhu goma zuwa sha biyu. Sai ƙananan baƙaƙen ƙudajen nan masu fitowa daga jiƙaƙƙiyar ƙasa, su bi ka har cikin kofin shayi, maganinsu ka bar saman ƙasa ya bushe kafin ka sake ban ruwa, ka dinga zuba ruwan ta ƙasan tire, ka kuma soke 'yar takardar nan rawaya mai danƙo. Sai cutar da ke cin tsiro a daidai wuya, ka kwanta lafiya ka tashi ka ga layi guda sun faɗi, gindin ya tsuke kamar an matse da farce. Fumfuna ce ke kawo ta, kuma yawan ban ruwa da rashin iska da tsohuwar ƙasar lambu su ne abincinta, shi ya sa na daina ɗebo ƙasa daga alotmen ina sayen ta reno mai laushi. Ina kuma kunna musu 'yar fanka awa biyu uku a rana, tana busar da saman ƙasa, kuma kaɗawar da take musu na sa kara ya yi ƙwari, domin tsiron da bai taɓa jin iska ba ragon gaske ne.

Kuma duk abin da za ka yi, fitila ba rana ba ce. Rana tsaka in sama ta washe tana kai lus dubu 100 a ma'aunin haske, irin fitilun kantata ko kusa da nan ba sa zuwa. Tsiron da ya tashi a ɗaki ɗan gata ne, fatar ganyensa sirirya, bai san zafin rana ba bai san sanyin dare ba. Na taɓa fitar da su kai tsaye wata Asabar mai kyau a Mayu na tafi kasuwa, kafin in dawo ganye ya yi fari kamar takarda, wato ranar Ingila ma da muke rainawa ta ƙone attaruhun da kakanninsa suka saba da zafi. Sai an saba musu a hankali, kwana bakwai zuwa goma, yau awa ɗaya a inuwa, gobe biyu, jibi a ɗan nuna musu rana, haka har su kwana a waje.

To a nan ne girinhaus ya dawo da martabarsa a idona. Daga ƙarshen Afrilu yini ya haura awa 14, rana ta yi sama, dare ya fara sassauci, a lokacin babu fitilar da za ta yi takara da shi. Ina kwashe tukwanen daga gida in kai can, daren da hasashen yanayi ya ce za a yi sanyi in lulluɓe su da farin mayafin shuka mai shara-shara, wani lokaci ninki biyu. Cikin sati biyu za ka ga bambanci, ganye ya yi duhu ya yi kauri, kara ya yi jiki, gaɓoɓi sun matso kusa da juna. Attaruhu da kuɓewa ma ba na fitar da su fili sam, a cikin gilashin suke ƙare rayuwarsu har Oktoba, domin bazarar Leeds ba ta da tabbas, yau rana gobe ruwa da iska kamar Nuwamba. Sai dai ka kula da katantanwar nan marar ƙoƙo, ita ce ɓarauniyar ƙasar nan, dare ɗaya ta share min tiren alayyahu tas ta bar min yauƙi a matsayin rasit. Ɓera kuma ya tone irin kabewa.

Kuɓewa ita ba ta son a taɓa mata saiwa, saboda haka ba na saurin zuba ta, sai ƙarshen Afrilu, in jiƙa irin ya kwana a ruwa, in sa kowane ɗaya a tukunyarsa mai zurfi a kan tabarmar ɗumi, da ta yi ganye biyu uku sai girinhaus. Gaskiya dai abin da nake samu bai taka kara ya karya ba, miya uku ko huɗu a shekara, amma ɗanyar kuɓewar da ka tsinka da hannunka da safe daban take. Lalo sai na tsoma irin a ruwan zafi na ɗan lokaci kafin ya yarda ya tsiro. Alayyahu ba ya buƙatar wani gata, a Mayu nake watsa shi cikin gilashin kai tsaye. Albasa da latas da kabeji kuwa na bi shawarar dattijo, ba sa ganin fitila ko sau ɗaya, tun Maris suna girinhaus abinsu kuma sun fi kyau a can, ɗumin gida ma lalata su yake yi.

Wani ɗan'uwa da ke Manchester ya tambaye ni a WhatsApp, shi kuɗin abu ɗaya gare shi, wanne zai saya. Na ce masa in kayan miyarmu yake so, ya fara da fitila da tabarmar ɗumi, ba su kai kuɗin girinhaus ba ko kusa, ba sa buƙatar fili, mai gidan haya ba zai ce komai ba, kuma su ne ke magance watannin da suka fi wuya. Daga baya zai iya rufa wa shukar asiri da 'yar rumfar leda mai arha, sai dai ya ɗaure ta da kyau da bulo, tawa ta farko iska ta ɗauke ta na tsince ta a filin mutum na huɗu. Wanda ya sayi girinhaus kaɗai babu hita, to ya sani attaruhunsa zai makara, sai dai ya sayi tsiron da wasu suka rena. Manyan manoman Holan ma da suka shimfiɗa gilashi a yankin Westland kamar teku, da hunturu fitilu suke kunnawa a cikin gilashin, har sama takan yi ja da dare.

Abu ɗaya ne har yau ya gagare ni, yakuwa. Ganye kam tana ba ni, ta yi tsawo har ta taɓa rufin gilashi, muna shan miyar taushe da fate da ita, amma zoɓo ko ƙwaya ɗaya ban taɓa cira ba. Na jima ina zargin taki da ruwa kafin in gane ita irin shukar nan ce da ba ta fure sai ta ji yini ya gajarta ya dawo wajen awa 12, shi ya sa a gida take yin zoɓo bayan damina ta ja baya. Rama ma halinsu ɗaya. A nan kuwa yini ba ya saukowa awa 12 sai wajen 23 ga Satumba, kafin ta farga ta fara ɗaure fure sanyin Oktoba ya shigo ya gama da ita. Wato wannan karon hasken ne ya yi mata yawa, ni da na kashe kuɗi ina neman haske. Bana na ware tukwane uku, daga tsakiyar Yuli zan dinga kifa musu babban kwali mai baƙar leda ƙarfe shida na yamma in buɗe bakwai na safe, in ga ko za su ɗauka suna Kano ne. Na gaya wa Hajiya, ta ce to da can kana kunna musu fitila yanzu kuma za ka rufe musu ido, Allah ya shirye ka, in ka gaji ka faɗa a aiko maka da zoɓon a leda.